Birkin Bayan Motarka Ba Zai Turo Maka Sanarwa Ba

Yau mota za mu taɓa, amma maganar ta fi shafar mu masu riƙe da waya fiye da kowa.

Mun saba da na'urar da take faɗin ciwonta da bakinta. Caji ya sauka zuwa kashi 15, waya ta yi ƙara. Ma'adana ta cika, ta nuna maka. Data ta kusa ƙarewa, kamfanin layi ya turo saƙo tun kafin ka tambaya. Wannan sabo ya dasa mana wani zato a zuciya, cewa idan na'ura ba ta ce komai ba, to lafiyarta ƙalau. A kan waya, zaton nan ba ya cin ran kowa. A kan mota yana iya ci, kuma wurin da ya fi haɗari shi ne birkin tayoyin baya, irin wanda makanikai ke kira durom.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: duk matashin da ke tuƙi, ko motar gida ce, ko Corolla ta aikin Bolt da inDrive, ko adaidaita sahu, ya daina jiran fitila ko ƙara kafin ya kula da birkin baya. Ya sa wa kansa lokacin da za a buɗe durom ɗin a gani da ido, a auna da ma'auni, ko da motar ba ta yi ƙorafin komai ba. Ga dalilaina.

Me ke cikin durom ɗin?

Ka leƙa ta ramukan wilin baya. Idan ka ga faifan ƙarfe mai sheƙi da wani abu ya cije shi ta gefe, wannan birkin disk ne. Idan kuwa ka ga wani ƙarfe mai kama da tukunya a kife, baƙi ko mai tsatsa, to durom ne da kai. Tsohuwar fasaha ce, Louis Renault na Faransa ya fito da ita a 1902, kuma har yau ba ta bar titi ba. Yawancin Corolla ta 2003 zuwa 2013 da ake shigo da su daga Amurka durom ne a bayansu. Haka Hilux da Hiace da yawa, da ƙananan Golf 3 da Peugeot 206. Adaidaita sahu kuwa, irin su Bajaj RE da TVS King, durom ne a tayoyinsu uku.

A cikin tukunyar akwai ƙarafa biyu masu siffar jinjirin wata, ana kiran su shu. A bayan kowanne an liƙa wani abu mai kauri da ake kira lainin, shi ne yake gogar durom. Idan ka taka feda, man birki yana bi ta bututu ya shiga wata ƙaramar silinda da ke sama, ita kuma ta tura shu ɗin biyu waje su manne da cikin durom. Gogayyar ce ke tsayar da taya. Ka ɗaga ƙafa, sifirin ya janyo su ciki. Akwai kuma ajasta, wani ɗan ƙarfe mai haƙora da ke matso da shu kusa da durom a hankali yayin da lainin ke cinyewa. Birkin hannu ma waɗannan shu ɗin yake ja, ta hanyar kebul.

Kada wani ya ce ai kayan tsofaffi ne. Volkswagen ta sa durom a bayan motocinta masu lantarki ID.3 da ID.4 da suka fito a 2020, domin a irin waɗannan motoci injin lantarki ne ke rage yawancin gudu yana mayar da ƙarfin cikin batir, birkin baya kuma ba ya samun aiki sosai, kuma durom a rufe yake, bai cika tsatsa don zaman banza ba kamar disk. Wato abin zai daɗe tare da mu.

Rufin nan da ke kare shi daga tsatsa, shi ne kuma yake ɓoye ciwonsa. Birkin disk a buɗe yake, ko mai faci yana iya hango kaurin fad ɗinsa. Na durom sai an cire taya, an zare tukunyar.

Abin da na'urarka ba ta gani

A sana'armu ta rubuta manhaja, matsalar da ta fi ba mu tsoro ita ce wadda ba ta nuna saƙon kuskure. Manhajar da ta faɗi ta rufe kanta ta yi maka alheri, domin ka san akwai gyara. Wadda ke ci gaba da aiki tana lalata bayanai a ɓoye, ita ce ke kashe kasuwanci. Birkin durom irin ta biyun ne.

Da yawa daga cikinmu sun sayi ɗan na'urar nan ta OBD2 da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari, mai rami 16, wadda ke haɗuwa da waya ta Bluetooth, a buɗe manhaja irin su Torque ko Car Scanner. Abu ne mai kyau, ina ba da shawarar a mallake shi. Sai dai a san iyakarsa. Tsarin OBD2 ya zama dole a motocin Amurka tun daga na 1996, kuma an ƙirƙiro shi ne saboda sa ido kan injin da hayaƙin da yake fitarwa. Kwamfutar mota tana faɗa maka abin da firikwensin ya gaya mata ne kawai. A cikin durom na motocin da muke hawa babu wani firikwensin da ke auna kaurin lainin. Don haka idan manhaja ta rubuta maka cewa babu matsala, ma'anarsa babu matsala a wuraren da take da ido. Birkin baya ba ya cikinsu.

Birkin gaba ya ɗan fi gata. Yawancin fad suna da wani ɗan harshen ƙarfe da ke fara taɓa disk yana ƙara mai tsini idan fad ya kusa ƙarewa. Wasu motocin Jamus irin su BMW da Mercedes ma waya ce aka saka a cikin fad, idan ta cinye fitila ta kama. Shu ɗin durom yawanci ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun.

Jar fitilar birki da ke kan dashbod abu biyu ta sani: an ja birkin hannu, ko man birki ya yi ƙasa. Fitilar ABS kuma tana kula da na'urorin da ke ƙirga juyawar taya. Lainin zai iya cinyewa har ƙarfe ya fito, duk fitilun nan suna kashe.

Alamomin da motar ke bayarwa

Duk da haka motar tana magana, da harshen da ba na allo ba. Ga abubuwan da ya kamata ka saurara:

Birkin hannu ya yi tsawo. Ka ja shi a hankali kana ƙirga ƙas-ƙas ɗin da yake yi. Littafin kowace mota ya faɗi adadin da ya dace, a ƙananan Toyota da yawa tsakanin 6 ne zuwa 9. Idan da yana kamawa a 7, yanzu sai ya kai 12, ko kuma ka ja shi har ƙarshe a kan gangara motar tana silalewa, to tazara ta buɗe tsakanin shu da durom. Ko lainin ya cinye, ko ajasta ta maƙale, ko kebul ya saki.

Feda tana nutsewa ƙasa kafin birki ya kama. Idan ka taka sau biyu da sauri sai ta taso, wannan ma yana nuna tazara a baya, ko iska a cikin bututun mai. Akwai gwaji mai sauƙi: motar tana tsaye, ka ja birkin hannu ƙas uku ko huɗu, sannan ka taka feda. Idan ta kama a sama fiye da yadda ta saba, matsalar tana baya.

Ƙarar gogar ƙarfe da ƙarfe daga baya. Wannan ba gargaɗi ba ne kuma, ɓarna ce ta riga ta fara. Lainin ya ƙare, ƙarfen shu yana sassaƙar durom. A bambanta shi da ɗan ƙarar da ake ji da safe bayan ruwan sama ko bayan wankin mota, wanda tsatsar dare ce kawai, tana gogewa bayan taka birki biyu ko uku.

Mota tana karkata gefe ɗaya, ko tayar baya ɗaya tana cijewa da ɗan taɓa birki kaɗan. Sau da yawa silinda ce ke yoyo, mai ya jiƙa lainin. Lainin da ya sha mai wani lokaci santsi yake yi, wani lokaci kuma ya cafke kwatsam.

Danshi a cikin wilin baya ko a jikin farantin da ke bayan durom. Ka haska da fitilar wayarka. Wuri ne da ya kamata ya kasance a bushe da ƙura.

Feda tana bugun ƙafa alhali sitiyari ba ya rawa. Wataƙila durom ya daina zama da'ira sosai.

Wari kamar na ƙonewa da zafi a wili ɗaya bayan gajeriyar tafiya. Shu ya maƙale bai koma ba, ko sifirin ya karye, ko kebul ɗin birkin hannu ya cije. Motar da ke haka tana shan mai fiye da ƙima, domin kullum tana jan birkinta ne.

Man birki yana raguwa. A nan ne mutane da yawa ke yin abin da ya yi kama da goge saƙon kuskure ba tare da gyara manhaja ba: su sayi gwangwanin mai su ƙara, fitila ta mutu, hankali ya kwanta. Man birki ba ya ƙonewa kamar fetur. Idan ya ragu kaɗan kaɗan cikin watanni, fad na gaba ne ke cinyewa. Idan yana raguwa da sauri, yoyo ne, kuma silindar baya tana cikin wuraren da ake fara dubawa. Ruwa ba ya tsami banza.

Hukunci na ma'auni ne

Duk alamomin nan suna zuwa ne a makare, wasu kuma ba sa zuwa sam. Idan ajasta tana aiki yadda ya kamata, za ta riƙa cike tazarar, feda ta zauna daram, birkin hannu ya riƙa kamawa, har ranar da lainin zai ƙare. Ma'ana, mota mai lafiyar ajasta ta fi iya ɓoye cinyewar shu. Shi ya sa na ce a buɗe a gani. Gani ya kori ji.

Abu biyu ake aunawa. Na farko kaurin lainin. Sabon shu na ƙaramar mota yana zuwa da lainin mai kaurin milimita 4 zuwa 5. Kamfanoni da yawa sun sa iyaka tsakanin milimita 1 zuwa 1.6. Ni a ganina, a irin hanyoyinmu, idan ya sauka zuwa milimita 2 a canza shi, domin wanda ya buɗe yau ba lallai ya sake buɗewa nan da wata shida ba. A auna wurin da ya fi siranta, kuma a duba duka shu biyun, domin a motoci da yawa wanda ke fuskantar gaba ya fi saurin cinyewa. Idan lainin ɗin na ƙusa ne, daga kan ƙusar ake aunawa.

Na biyu faɗin cikin durom. Shi ma yana cinyewa, kuma kamfani yana rubuta iyakar faɗinsa a jikin ƙarfen. A wasu ƙananan motoci, durom mai faɗin milimita 200 iyakarsa 201 ce. Milimita ɗaya tak. Durom da ya wuce iyaka ya yi siriri, yana saurin zafi, kuma sabon shu ba zai zauna a cikinsa daidai ba.

Ko kauri bai kai iyaka ba, a canza shu idan ya jiƙe da mai, ko ya tsattsage, ko lainin ya fara ɓallewa daga ƙarfensa, ko ya yi sheƙi kamar gilashi saboda zafi. Shu da ya sha mai ba ya wankuwa da fetur, ko da an ce maka zai wanku.

Wasu motocin suna da ɗan rami a farantin baya da aka toshe da roba, ana iya leƙa kaurin lainin ta nan ba tare da cire durom ba. Yana taimakawa, amma gefe ɗaya kawai yake nunawa, ba zai nuna maka yoyon silinda ko karyayyen sifirin ba.

Masu cewa ai gaba ne ke aiki

Na san hujjar da za a kawo, kuma tana da ƙamshin gaskiya. Idan ka taka birki, nauyin mota yana zubowa gaba, don haka tayoyin gaba ne ke ɗaukar kimanin kashi biyu cikin uku na aikin, ko fiye. Shi ya sa shu ɗin baya yakan ga bayan fad na gaba sau biyu ko uku kafin ya ƙare. To me zai sa mutum ya kashe kuɗi a kan abin da ke daɗewa haka, a lokacin da fetur kaɗai ya ishi aljihu?

Amsata uku ce.

Ta farko, kason nan na baya idan ya ɓace, gaba ne ke ɗauka. A cikin gari, daga danja zuwa danja, ba za ka ji bambanci ba. Za ka ji shi ne ranar da kake saukowa daga Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga da mutum biyar da kaya a but. Birkin gaba da ke aikin mutum biyu yana yin zafi fiye da ƙima, fad ya fara santsi, man birki kuma idan ya tsufa ya tafasa. Sabon man DOT 3 yana jure zafi har digiri 205, amma idan ya sha danshin iska yana iya tafasa a wajen digiri 140. Mai da ya tafasa ya zama tururi, feda kuma ta tafi ƙasa ba tare da ta kama komai ba.

Ta biyu, lissafin gudu ba ya sassauci. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa, wanda shi ne iyakar da hukumar FRSC ta sa wa ƙananan motoci a manyan tituna irin na expressway, tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kuma idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ninki huɗu yake yi. Ƙarin mita biyar ko shida a kan nisan tsayawa ba komai ba ne a takarda. A hanyar Kano zuwa Zariya, shi ne tsakanin ka tsaya a bayan tirela da ka shiga ƙarƙashinta.

Ta uku ita ce wadda mutane ba su cika sani ba. An raba bututun man birki gida biyu domin idan ɗaya ya fashe ɗaya ya rage. A yawancin motocin da tayoyin gaba ke ja, rabon a gicciye yake: tayar gaba ta dama da ta baya ta hagu layinsu ɗaya, haka sauran biyun. Don haka silindar baya ta hagu idan ta zubar da manta, ta tafi da birkin gaba na dama. Ƙaramin abin da ka raina a baya ya cinye maka rabin birkin motar gaba ɗaya.

Batun kuɗi kuwa, jinkiri ne ya fi tsada. Wanda ya canza a kan lokaci shu kawai zai saya. Wanda ya jira ƙara zai sayi shu da durom, wataƙila da silinda, ga fad na gaba da ya cinye kafin lokacinsa.

Littafin mota bai san hanyarmu ba

Akwai kuma dalilin da ya sa ba na yarda da ƙiyasin kilomita da ake gani a intanet. An yi shi ne da tunanin mota mai ɗaukar mutum biyu a kan kwalta mai kyau. Mu kuwa Golf ɗin haya tana ɗaukar fasinja da buhunan masara har bayanta ya zauna, kuma duk nauyin da ya ƙaru a baya ƙarin aiki ne ga shu. Ƙurar hunturu da yashin hanyar ƙauye suna shiga durom su zauna, su haɗu da garin lainin su toshe haƙoran ajasta. Da damina kuma a ratsa ruwan da ya kai rabin taya, durom ya cika da laka, ya daɗe bai bushe ba.

Sannan yawancin motocinmu na hannu ne, sun zo ta Kwatano ko Legas. Ba ka san tarihinsu ba, kuma lambar kilomita da ke kan dashbod ba abin rantsuwa ba ce, ana iya mayar da ita baya. Motar da ta fito daga yankunan ƙanƙara na Amurka ko Kanada, inda ake zuba gishiri a titi, takan zo da tsatsa a sifirin da bututun birki. Duk wanda ya sayi mota ta hannu, buɗe durom ya kamata ya shiga cikin aikin makon farko, tare da canza baƙin mai.

Bayan nan, shawarata ita ce a buɗe sau ɗaya a shekara, ko duk kilomita 20,000, duk wanda ya riga zuwa. Mai motar haya ko adaidaita sahu ya yi duk wata shida. Wata ƙa'ida mai sauƙin tunawa: duk ranar da aka canza fad na gaba, a buɗe baya.

Inda wayarka za ta yi amfani

Tunda motar ba za ta turo sanarwa ba, kai ne za ka ƙirƙira mata. Buɗe Google Calendar ko kowace manhajar tunatarwa, ka sa ranar duba birki ta riƙa maimaituwa. Ka zaɓi lokacin da ke da ma'ana, misali ƙarshen damina, ko mako biyu kafin tafiyar sallah.

Buɗe shafi ɗaya a Google Keep ko Sheets. Duk lokacin da aka buɗe durom ka rubuta kwanan wata, kilomita, kaurin lainin na dama da na hagu, da adadin ƙas ɗin birkin hannu. Awo biyu sun isa su ba ka lissafi. Idan lainin ya sauka daga milimita 4 zuwa 3 a cikin kilomita 20,000, ka san kusan lokacin da zai kai 2. Babu na'urar OBD2 da za ta ba ka wannan.

Ka ɗauki hoto kafin a taɓa komai. Cikin durom yana da sifirin da ƙananan ƙarafa da yawa, kuma ajastar dama da ta hagu ba ɗaya ba ne a motoci da yawa. Hoton zai taimaki makaniken kansa wajen mayarwa, kai kuma ya zama maka shaida.

Ga masu son na'urori, abu biyu sun cancanci kuɗinsu. Ma'aunin kauri na dijital da ake kira kalifa, wanda ke nuna milimita a ɗan allo. Da kuma ma'aunin zafi mai kama da bindiga da ake haskawa daga nesa. Bayan tafiyar minti goma, ka haska durom na dama da na hagu. Ya kamata zafinsu ya yi kusa da juna. Idan ɗaya ya yi zafi sosai, ya maƙale. Idan ɗaya sanyi ƙalau, ba ya aiki. Kada ka gwada da hannu.

Ka nemi littafin motarka a intanet da sunanta da shekararta, ka ajiye shi a waya. Adadin da ke ciki ya fi nawa, ya fi na duk wani mai bidiyo a TikTok.

Idan ka je gareji

Ba ina cewa ka zama makanike ba. Birki ba wurin koyon aiki da bidiyon YouTube ba ne, a bar wa masu sana'a. Amma ka tsaya a wurin, ka yi magana da ladabi. "Oga, don Allah a buɗe min baya in gani" ba raini ba ne, kuma makanike na gari ba ya jin haushinsa.

A canza shu na ɓangarorin biyu tare, ko da ɗaya ne ya lalace, in ba haka ba motar za ta riƙa karkata. A ɗaga robar silinda a duba ko akwai mai a ciki. A wanke ajasta a tabbatar tana juyawa. Sifirin da ya yi tsatsa ko ya saki a canza shi, ba shi da tsada. Idan durom ya ƙi fita, a sassauta ajasta ta baya tukuna. Durom ɗin Toyota da yawa yana da ramuka biyu masu zare da ake ɗaura noti a ciki ya turo shi waje, ba sai an yi ta dukansa da guduma ba.

Kada ka yarda a ɗaure kebul ɗin birkin hannu kawai a ce an gyara. Ana fara daidaita shu ne, sannan kebul. Ɗaure kebul a kan cinyayyen shu ɓoye alama ne, ciwon yana nan.

Kada a hure ƙurar cikin durom da iskar kwamfresa ko da baki. Tsofaffin lainin da wasu masu arha suna ɗauke da sinadarin asbestos, wanda ƙurarsa ke jawo cutar huhu da kansa bayan shekaru. A wanke da ruwan wanke birki ko tsumma mai danshi. Yaran gareji ne suka fi shaƙar wannan ƙurar, kuma ba wanda ya gaya musu.

Wajen sayen kaya, ko a Ƙofar Ruwa ne a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, za a nuna maka kala-kala a farashi daban-daban. Araha ba ta ado. Lainin da aka liƙa da gam marar kyau yana iya ɓallewa a cikin durom ya cije taya kana cikin gudu. Ka tafi da tsohon shu ɗin ka gwada, ka karɓi rasit.

Bayan an gama, ka taka feda sau da yawa kafin ka tayar da mota, ka gwada birki a layin da babu mutane. Kilomita 200 na farko a bi a hankali har sabon lainin ya zauna da durom.

Mu ne muke sanin lafiyar batirin wayarmu da kashi-kashi, muna sanin ranar da datarmu za ta ƙare. Abin da ke tsayar da tan ɗaya da rabi na ƙarfe, da ƙannenka a kujerar baya, ya fi cancantar wannan kulawar. Yau idan ka sauka daga mota, ka ja birkin hannu a hankali ka ƙirga. Ka rubuta adadin a wayarka, ka sa ranar zuwa gareji.

Allah ya kiyaye hanya.